Teburin zauren mai unguwa: yadda aka tsara wa dattawa taimakon waya a birnin Katsina

Ranar 26 ga Oktoban 2022 Gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da cewa za a sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000. Aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairun 2023, daga baya aka ƙara wa'adin zuwa 10 ga Fabrairu. Jama'a suka kwashi tsofaffin kuɗi suka kai banki, sababbin kuma ba su wadata ba. Kafin Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin, an yi makonni mutum yana da kuɗi a asusu amma ba shi da na cefane a aljihu. Mai POS da a da naira 100 yake karɓa a kan dubu biyar ya koma karɓar ninkin ba ninkin haka, shi ma in ya samu kuɗin ke nan.

Matasa sun sha wuya, amma sun samu mafita da transfa. Mahauci da mai kayan miya da mai shayi duk suka liƙa lambar asusu a jikin tebur. Dattawa ne aka bari a baya, kuma ba wannan ne karo na farko ba. A 2014 aka kawo lambar BVN ta tantance masu asusun banki. A Disamban 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa, a Afrilun 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira. Hukumar PTAD, mai kula da 'yan fanshon tarayya na tsohon tsari, ita ma ta koma tantance masu rai ta intanet, da hoton fuska ko zanen yatsa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da hujjarsa. Sai dai duk lokacin da aka ɗauke wani aiki daga gaban ma'aikaci aka mayar da shi cikin waya, akwai tsohon da a da yake zuwa da ƙafarsa ya yi abinsa, yanzu kuma sai ya nemi wanda zai danna masa.

A wata unguwa ta cikin birnin Katsina, wajen Ƙofar Marusa, wannan hali ne ya haifar da ɗan tsarin da za a duba a nan. Ba kuɗin gwamnati a ciki, ba na wata ƙungiya.

Mutum biyu

Na farko dattijo ne da ya haura saba'in, tsohon ma'aikacin gwamnatin tarayya, kowa a unguwar Baba yake ce masa. Yana karanta boko, yana karanta ajami, Turancinsa na ofis ma yana nan daram. Ido ne ya yi rauni, yatsu suka yi nauyi. Fanshonsa banki yake shiga, katin cirar kuɗin kuma yana hannun ɗan ƙanensa da ke zaune a gidan, shi ke zuwa ya ciro. Shekaru ana haka lami lafiya. Da tsabar kuɗi ta yi wuya, sai yaron ya fara dawowa da lissafin da ba ya cika: mai POS ya cire kaza, kaza kuma sabis ya riƙe, an ce zai dawo. Mai yiwuwa gaskiya yake faɗa, don a lokacin kowa haka ake yi masa. Amma Baba ba shi da hanyar tabbatarwa, kuma ba zai tsare ɗan da ya riƙa tun yana ƙarami da tambayar kuɗi ba. Sai ya ja bakinsa ya yi shiru, ya rage cefane.

Ta biyu wata Gwaggo ce mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ƙaramar waya gare ta mai tocila, layin ciki kuma da sunan marigayin aka yi masa rajista. Tun 2022 ba ta iya kira sai dai a kira ta, ita a zatonta wayar ce ta lalace. Ba ta taɓa buɗe asusu ba. Da masu sarin mai suka ce sai dai transfa, sai ta riƙa ba da lambar asusun ɗan maƙwabta. Kuɗin ya shiga can, ita kuma ta riƙa karɓa gutsure-gutsure, yau dubu biyu, jibi dubu ɗaya, har zubin adashi ya gagare ta, jari ya kama hanyar karyewa.

Abin lura a nan shi ne su biyun duk suna cikin harkar kuɗin waya tsundum. Kuɗinsu ta nan yake bi. Hannun wani ne kawai ke taɓawa, su kuma ba sa ganin abin da hannun ya yi.

Ajin da ya watse

Matasan unguwar, cikinsu har da ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, sun fara da abin da kowa zai fara da shi: aji. Suka ari ɗaki a makarantar firamare ranar Asabar, suka gayyato dattawa, wani ya tsaya gaban allo yana bayanin yadda ake sauke manhajar banki. Zaman farko an cika, don mai unguwa ne ya yi kira. Daga nan aka riƙa raguwa har abin ya mutu.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Mai koyarwa da babbar waya yake misali, mafi yawan waɗanda ke zaune kuwa ƙananan wayoyi ne a aljihunsu, kuma ko su ɗin ba iri ɗaya ba. Bankunan ma daban-daban, kowanne da lambar da ake dannawa. Mata ba su zo ba sam. Sannan ga babban dalili: dattijon da ake tashi a ba shi wuri a masallaci ba zai ɗaga hannu a gaban sa'o'in 'ya'yansa ya ce bai gane ba. Zai gyaɗa kai, ya sa albarka, ya tafi gida da matsalar da ya zo da ita. Kowannensu kuma da ma matsala ɗaya takamaimai ya kawo, ko kuɗin da ya maƙale, ko layin da aka rufe, ko wani saƙo da ya shigo da Turanci ya hana shi barci. Ba wanda ya zo don ya koyi waya gaba ɗayanta.

Yadda aka sake tsarawa

Wani malamin makaranta mai ritaya ne ya kawo shawarar da ta canja abin. Ya tuna wa matasan masu rubuta wasiƙa da a da suke zama a bakin gidan waya: ba su taɓa cewa sai sun koya wa mutum rubutu ba, aikin da ya kawo shi suke yi masa, su karanta masa abin da suka rubuta, ya amince, sannan a liƙe. Irin wannan ake bukata, in ji shi, amma da sharuɗɗan da suka dace da kuɗi.

Sai aka ajiye tebur da kujeru biyu a zauren mai unguwa, bayan la'asar, a ranaku sanannu na mako. Mutum ɗaya ake gani a lokaci ɗaya, sauran suna waje a kan tabarma suna hirarsu. Zaɓen zauren ba a banza aka yi shi ba. Wuri ne da dattijo ke shiga ba tare da kowa ya tambayi me ya kai shi ba, kuma wanda ke zaune a teburin ya san a gaban wa yake aiki.

Sharaɗin da aka fi tsanantawa a kai shi ne na lambar sirri. Mai taimako ba ya jin ta, ba ya ganin ta, ba ya danna ta. In an zo wurin, sai ya miƙa wayar ya kau da kai. Wannan ya sha gardama da farko, kuma daga dattawan gardamar take fitowa.

"Baba, ga wayar. Ku sa lambar taku, na juya baya."

"Kai ɗan nan, sa mani mana. Ai kai ɗana ne."

"Ko ni ɗin ne Baba, wannan taku ce ku kaɗai. In lokacin ya ƙare sai mu sake."

Lokacin kuwa yana ƙarewa. Duk mai tura kuɗi da ƙaramar waya ya san in ka yi jinkiri kaɗan shafin zai rufe, ga shi a Maris ɗin 2021 aka fara cajar naira 6.98 a kan irin wannan mu'amala. Tsoho mai lalube da babban yatsa yana iya sakewa sau da yawa kafin ya kai ƙarshe. Maganin da aka samu mai sauƙi ne. Kafin a danna komai, ana rubuta matakan a takarda da manyan baƙaƙe, a bi su da baki tukuna. Lambar duba kuɗin asusu kuma aka adana ta a cikin sunayen waya kamar sunan mutum, a saman jeri, ta yadda dannawa biyu ta isa. Ga wanda boko bai zauna masa ba, da ajami ake rubutawa. Wannan bai kamata ya ba kowa mamaki ba a garin da hasumiyar Gobarau, tsohuwar cibiyar ilimin addini, take. Har yau akwai ajami a jikin naira 200 da 500 da 1000, ko da yake an cire shi daga ƙananan takardu a 2007. Yawancin shafukan banki da ke fitowa a waya kuwa ko Hausar boko babu a cikinsu.

Akwai kuma wani abu da ba wanda ya yi tunaninsa a aji: tabarau. Dattawa da dama da ake cewa sun kasa gane waya, rubutun ne kawai ba sa gani. Aka sayo tabaran karatu masu arha aka ajiye a teburin, wanda ya ga ya yi masa sai a ce ya je asibitin ido a auna shi sosai.

Sai littafi. Kowane dattijo da nasa ƙaramin littafi, a hannunsa yake zama, ba a teburin ba. Duk abin da aka yi masa ana rubuta rana, da abin da aka yi, da adadin kuɗi, da sunan wanda ya taimaka. Lambar sirri kaɗai ba ta shiga ciki. A teburin ba a ajiye lambar BVN ko NIN ta kowa, ba a ɗaukar hoton katin kowa. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta zo ta tarar da wannan sharaɗi, ba daga gare ta aka koyo shi ba. Tsoron abin da zai faru in wayar mai taimako ta ɓata ne ya kawo shi. An kuma ja wa matasan kunne cewa abin da suka gani a asusun mutum ya mutu a zauren, don ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A ganina wannan ya fi duk wata ƙwarewar waya wuyar samu, kuma saboda shi aka sallami wani yaro mai hazaƙa da aka ji yana ba da labarin fanshon wani a majalisa.

Wa ya dace ya koyar

A nan ne tsarin ya yi dabarar da na fi yabawa. An lura cewa dattijo ba ya sakewa ya koya daga ɗansa, balle ɗan fari da ko sunansa ba a faɗa. Uba ba ya son ɗansa ya ga gazawarsa, ɗa kuma ko ya ƙosa ba zai iya nunawa ba, sai ya karɓe wayar ya yi da kansa don a gama. Jika fa? Tsakanin kaka da jika wasa ne. Yarinya 'yar sakandare za ta ce wa kakanta, "Tsoho, ka sake dannawa, wannan karon ma ka faɗi," ya yi dariya ya ce ya fasa auren, ya sake dannawa. Kuskure a gaban jika ba abin kunya ba ne. Don haka duk dattijon da ke son ya iya wani abu da kansa, sai a ce ya zo da jika ɗaya, a nuna musu tare, maimaitawar kuma a gida. Sharaɗin lambar sirri ya hau kan jikan shi ma.

Ɓangaren mata bai taɓa zauren ba. Malamai mata biyu na Islamiyyar matan aure ne suka ɗauki nauyin, suna shiga gida-gida da hantsi, lokacin da maza suka fita. Ta hannunsu aka gano cewa wayar Gwaggo lafiyarta ƙalau. Gyaran lamarinta ya ɗauki lokaci, don sai da aka fara daga tushe. Ba ta da NIN, kuma a wurin rajista na'ura ta yi ta ƙin karɓar yatsunta, waɗanda shekarun murza gyaɗa da wuta suka shafe wa zane. Aka ce ta bar ƙunshi na ɗan lokaci ta dawo. Ranar haihuwa kuma babu takarda, sai da aka yi lissafi da abubuwan da ta tuna. Malamar da ta raka ta ta nace a rubuta sunan da ranar a littafinta harafi da harafi, don duk inda za a sake tambaya a faɗi iri ɗaya. Wanda ya taɓa ganin yadda Muhammadu a wata takarda da Mohammed a wata ke tsayar da fanshon mutum zai gane dalilin nacin. Bayan NIN ta fito aka yi mata sabon layi da sunanta, aka buɗe mata ƙaramin asusu.

Ba ta iya tura kuɗi ba har yanzu, kuma ba ta nuna tana so ba. Abin da ta iya shi ne gane ƙarar shigowar saƙo, da karanta adadin. In mai sari ya ce ya tura, sai ta ce a jira ta ji. Ranar da wani ya nuna mata hoton rasit a wayarsa, cewa ta yi, "A tawa nake son gani, ɗan nan," ta riƙe galan ɗinta.

Abin da ya fi cin lokaci

Masu tsara irin wannan aiki sukan ɗauka koyarwa ce babban aikin. A wannan tebur bibiya ce ta fi cin lokaci: kuɗin da aka cire bai fito ba, layin da aka toshe, sunan da bai dace ba. Ƙa'idar Babban Banki ita ce mutum ya fara kai kuka bankinsa, in ba a warware ba sannan ya wuce gaba, hukumar sadarwa ta NCC kuma tana da lambar 622 ta karɓar ƙorafi kyauta. Tsoho ba zai bi wannan hanya shi kaɗai ba. Sai aka ware mutum ɗaya da aikinsa rakiya ne, ya shiga banki tare da mai matsalar, ya tabbatar an ba da shaidar karɓar ƙorafi, ya rubuta ranar komawa. Ba ya magana a madadin dattijon sai an nemi ya fassara.

An kuma zauna da masu POS biyu na bakin titi aka yi yarjejeniya ta baki a gaban mai unguwa: su faɗi cajinsu kafin a sa kati, su ba da rasit ko an ce ba a so, su miƙa na'urar ga mai katin ya danna da kansa. Su ma sun ci riba, don dattawan unguwar wurinsu suka koma.

Maganar 'yan damfara liman aka bar wa. Bayan sallar magariba yakan tunatar cewa banki ba ya kira ya tambayi lambar sirri ko lambar da aka turo ta saƙo, kuma duk wanda ya kira ya ce za a rufe asusu yanzu-yanzu, a kashe wayar a zo zaure. An ƙara da gargaɗin da mutane da yawa ba su sani ba: layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani na iya sayar wa wani, in kuma shi ne ke haɗe da asusu, saƙonnin banki can za su koma.

Shi kuwa Baba, katinsa ya dawo aljihunsa ba tare da an yi rigima ba. Mai unguwa ne ya sanar cewa sabuwar ƙa'ida ce ga kowa, kowane dattijo ya canja lambar sirri ya riƙe katinsa, don haka ba wanda aka nuna da yatsa. Ɗan ƙanen nasa har yanzu shi ke raka shi wurin mai POS. Tantancewar fansho ma a zauren ake yi masa da babbar wayar mai taimako, a fito da shi bakin ƙofa inda haske yake don hoton ya fita.

Inda tsarin ke da rauni

In aka auna da yawan dattawan da suka zama masu sarrafa waya da kansu, sakamakon kaɗan ne. Ni ban ɗauki wannan a matsayin ma'auni ba. Tambayar da ta dace ita ce ko mutum ya san abin da aka yi da sunansa da kuɗinsa, kuma ko zai iya cewa a'a. Ta wannan fuska an samu canji na gaske.

Amma tsarin a kan sa kai yake tsaye, sa kai kuma yana gajiya. Ɗalibai suna gamawa su tafi hidimar ƙasa, sai a koma neman wani amintacce daga farko. Kuɗin data da na mota zuwa banki daga aljihun mutum biyu-uku yake fita. Ba a kuma amsa tambayar wa zai biya in mai taimako ya yi kuskuren lamba kuɗi ya tafi wani wuri ba. Gwamnatin tarayya tana da Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2021, kuma ɗan alawus da horo ga masu taimako shi ne abin da hukuma za ta iya ɗauka ba tare da ta ƙwace teburin daga zaure ta mayar da shi ofis ba.

Sannan wannan cikin birni ne, inda banki yake kusa kuma sabis ke samuwa. Jihar tana da ƙananan hukumomi 34. A Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a 13 daga cikinsu saboda matsalar tsaro, har da Jibiya da Batsari da Safana da Ƙanƙara da Faskari, aka yi watanni ana haka. Tsohon da ke can ko an koya masa komai, ranar da aka ɗauke sabis sai tsabar kuɗi. Wasu daga cikin waɗanda rashin tsaro ya koro daga waɗannan yankuna yanzu a gefen unguwar suke zaune, sun fara zuwa zauren, da yawansu ba takarda ko ɗaya, wayar ma a gudu aka baro ta. Masu teburin sun roƙi mai unguwa a ƙara rana ɗaya a mako domin su, ana neman wanda zai zauna.